Godiyar Kaka: Ina Rabon Mai Kala?

Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba, da wuya a yi Lahadi guda a Kaduna ba a kafa rumfuna a harabar wani coci ba. Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Television, Unguwar Romi, Kakuri, Gonin Gora, kowace ikilisiya ta tsayar da ranarta, har ma ana tuntuɓar juna don kada a yi karo, tunda manyan baƙin da wannan take sa rai su ne waccan ma ta aika wa kati. Mu Katolika muna yi, Angalika suna yi, ECWA da Baptis da HEKAN duk suna yi, kowa da salonsa. Ina cikin masu son wannan biki na godiyar kaka, ba na tare da masu cewa a soke shi. Amma a yawancin coci-cocinmu na cikin gari godiyar ta koma haraji, an yanka wa kowa abin da zai biya. Shi kuma matalauci, wanda Littafi Mai Tsarki ba ya maganar girbi bai ambace shi ba, shi ne yake komawa gida hannu wofi a ranar, wani lokaci ma da kunya a kai.

Tun damina tana tsakiya, masara ko goyo ba ta fara ba, ake naɗa kwamitin kaka. Aikin farko na kwamiti shi ne tsayar da adadi: bana miliyan kaza muke nema, domin bara kaza aka samu, kuma abin kunya ne a ce an gaza bara. Daga nan sai a kasa adadin bisa kawuna. Magidanci kaza, matar aure kaza, samari da 'yan mata kaza, yara ma da katinsu da za su bi maƙwabta da shi. Zumuntar Mata da nata kason, Zumuntar Maza da nata, mawaƙa da nasu, kowace shiyya ta unguwa da nata, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ma an ɗora musu. Mutum ɗaya sai ya tarar an biyo shi ta ƙofa huɗu, a matsayinsa na magidanci, na ɗan zumunta, na ɗan shiyya, na ɗan garinsu, alhali aljihun guda ɗaya ne. Ga anko, wanda ba dole ba ne a baki, amma matar da ba ta ɗinka ba ta san ba za ta shiga layin rawa ba. Bikin kansa ma an yanyanka shi: kakar yara wannan makon, ta matasa mako mai zuwa, sai ta mata, sai ta maza, sai ta iyali, kafin a zo ga babbar. Kowacce da ambulan dinta.

Kafin a sallami jama'a kowace Lahadi, sakataren kwamiti zai hau ya karanta: shiyya kaza ta kawo kaza, saura kaza, iyalin wane sun cika, a tafa musu. Wasu wuraren har allo ake kafawa a bakin ƙofa, ga sunaye ga abin da kowa ya bayar, wanda bai biya ba a bar gaban sunansa fayau. Duk mai wucewa zai gani. Na san magidanta da suke ɗauke ƙafa daga coci tun Satumba, ba a sake ganinsu sai an doshi Kirsimeti. Bangaskiyarsu lafiya lau take, ma'aji ne ba sa son haɗa ido da shi. Na kuma sha jin inda ake tambayar katin kaka kafin a sa wa mutum hannu a takardar baftismar ɗansa ko ta aure. Wannan kam ba shi da madogara ko kaɗan. Dokar Ikilisiyar Katolika a sashe na 848 ta hana a tauye wa mabukaci sakaramenti saboda talaucinsa, Manzo Bulus kuwa a 2 Korantiyawa 9:7 ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ba, ba kuma a kan tilas ba. Abin mamaki, wannan ayar ce ake bugawa a jikin ambulan ɗin da aka riga aka rubuta wa mutum adadin da zai sa a ciki.

Duk da haka in ranar ta zo ba na iya zama a gida. Wanda bai taɓa ganin shigowar Zumuntar Mata ranar kaka ba, an bar shi a baya. Mai tulu tana dukan bakinsa, ganga da caki suna amsawa, mata sun jeru tun daga bakin ƙofa, ɗaurin ɗankwali iri ɗaya, kowace da daro a ka, ana taku biyu gaba ɗaya baya, ba mai sauri. Doya, kabewa, gwanda, ayaba, damin dawa da ganyensa, rake da ya fi mai ɗauke da shi tsawo, kaza a hammata tana zare ido. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, coci ya ɗauka. Can baya akuya ta turje a tsakiyar hanya, yara biyu suna ja ɗaya yana turawa, Fada kansa sai ya dara kafin ya ɗaga hannu ya sa albarka ya yayyafa ruwa. Dattijon da ya baro ƙauye tun yana saurayi ya zo aikin masaƙa, in damin dawa ya gifta ta gabansa, ka dubi fuskarsa. A wannan rabin sa'ar ba wanda yake tuna adadi. Godiya ce tsantsa, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin bikin ya cancanci a tsaya a gyara shi.

Matsalar tana farawa ne in an fito waje. Akwai rumfar gaba mai kujeru masu laushi da tebur da lemo mai sanyi, ta ciyaman da uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa. Sauran jama'a suna baya a kan benci, wasu a rana. Wanda ya karanta Yakubu sura 2, inda aka yi maganar mai zoben zinariya da aka ce masa zauna nan wuri mai kyau, aka ce wa matalauci tsaya can, ba ya bukatar a yi masa bayani. Sai mai gwanjo ya karɓi makirufo. A wata kaka da na halarta, wata gwauruwa da na sani, mai sayar da ƙosai a bakin layinsu, ta kawo kaza ɗaya, baƙa, wadda ta kiwata da kanta. Mai gwanjo ya ɗaga kazar sama ya ce wannan ba kaza ba ce, albarka ce, wa zai buɗe? Aka fara daga dubu biyar. Wani ya ce goma, wani ya ce ashirin, aka shiga tsere tsakanin mutum biyu na rumfar gaba, jama'a suna ihu, har ta kai kuɗin da zai sayi akuya biyu. Aka kira sunan wanda ya saya sau uku da muƙamansa duka, makaɗa suka yi masa kiɗa, ya ce ya mayar wa coci a sake sayarwa, aka sake tafi. Ba wanda ya tambayi wa ya kawo ta. Da na hango matar ta nufi ƙofa da jikokinta biyu, na ce, "Mama, ba za ki tsaya a ci abinci ba?" Ta ce, "Ɗana, ai abincin nan na masu tikiti ne. Bari mu je gida, na bar wake a jiƙe." Ba ta faɗa da fushi ba. Ta saba.

Ban ce wanda ya sayi kazar ya yi laifi ba. Kuɗinsa ne, kuma coci ya ba. Tsarin ne ya sa mai bayarwa daga yalwa ya sha tafi, wadda ta bayar daga rashi ta fita ba a ko san da ita ba, akasin abin da Yesu ya yi a Markus 12 sa'ad da ya zauna daura da baitulmali, ya bar masu zuba da yawa ya nuna wa almajiransa gwauruwa mai anini biyu.

'Yan kwamiti suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Wani abokina da ya daɗe yana riƙe da kuɗin ikilisiyarsu ya ce mini, "Malam, kai kana rubutu ne, ni nake sayen dizal." Gaskiyarsa. Baikon Lahadi a yawancin ikilisiyoyi ba ya riƙe wata. Ga wuta, ga man janareta, ga abincin gidan Fada da man motar da zai zaga ƙananan coci-coci na ƙauye, ga alawus ɗin katikis wanda ko faɗarsa abin kunya ne, ga kason da ake kai wa dayosis, wato ofishin bishop, ga masu karatun zama limamai a makarantar Good Shepherd da ke Kakau. Tun ranar 28 ga Oktoba 2012 da ɗan ƙunar baƙin wake ya afka cocin St. Rita a nan Kaduna ana tsakiyar sujada, katanga da shinge da masu gadi sun zama dole, kuma ba kyauta ake samunsu ba. Zamanin da limaman ƙungiyar mishan ta SMA 'yan ƙasar Ayalan suke rubuta wasiƙa gida a aiko da kuɗin kwano da siminti ya wuce. Tun 1975 da Peter Jatau ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar Akbishop na Kaduna, nauyin yake ta dawowa wuyanmu, kuma daidai ne ya dawo. Rikicin 2000 da na 2002 sun kwaso dubban mutane daga arewacin gari zuwa ƙetaren kogi, coci da aka gina don mutum ɗari uku ya wayi gari da dubu, dole a faɗaɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wannan na yarda da shi. Inda muka rabu da abokina shi ne, bukatar kuɗin gini ba ta ba mu izinin cinye rabon da ba namu ba.

A duba Littafin Firistoci sura 23. Sura ce ta jerin idodi, ɗaya bayan ɗaya: Asabar, Idin Ƙetarewa, miƙa damin nunan fari, Idin Makonni. Ana tsakiyar wannan jeri, a aya ta 22, sai maganar ta juya daga bagade ta koma gona: in kuna girbi kada ku girbe har gefen gona, kada kuma ku koma ku yi kala, ku bar wa matalauci da baƙo. Sannan aka ci gaba da lissafin idodi. Wanda ya tsara surar bai ga cewa ya kauce daga zance ba, don a wurinsa barin gefen gona yana cikin idin. Maimaitawar Shari'a 24 ta ƙara da cewa in ka manta dami a gona kada ka koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Sura 16 da ta yi maganar Idin Bukkoki, wanda ake yi bayan an gama tattara amfanin masussuka, ta lissafa waɗanda za a yi murnar da su: ɗanka, 'yarka, barorinka, Balawe, baƙo, maraya, gwauruwa. Sura 26, wadda muke son karantawa ranar kaka saboda kwandon nunan fari da ake ajiyewa gaban bagade, ba ta ƙare a kan kwandon ba. Ta ci gaba zuwa zakkar shekara ta uku, wadda ake ba Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi a cikin garuruwa. Balawe, wato ma'aikacin Haikali, yana cikin jerin, don haka gidan Fada da katikis suna da haƙƙi, ba mai musu. Amma shi ɗaya ne cikin huɗu. Mu kuwa mun ba shi da gininsa duka, mun sallami ukun da addu'a.

Rut ma da muke ji da ita, kakar mahaifin Dawuda, da kala ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza. Mutuniyar Mowab ce, ba ta da katin kowa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san in an gama cire gyaɗa ko an kwashe dawa, tsofaffi da yara suna bin gona suna kala, mai gona kuma da ya kore su sai gari ya yi da shi.

Bikin a siffar da muka sani, a ƙawata coci da amfanin gona a yi sujada, ana danganta shi da wani limamin Angalika, Robert Hawker, wanda ya kira mutanen ikilisiyarsa ta Morwenstow a Ingila zuwa sujadar godiya a 1843. Ta hannun 'yan mishan ya iso mana. Amma kakanninmu ba su jira mishan ba kafin su san ana murnar ƙarshen girbi. Bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu daga nan tushensa yake, kuma a irin waɗannan bukukuwa na gargajiya baƙon da ya shigo gari ba a tambayarsa tikiti kafin a miƙa masa ƙwarya. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna fitar da zakkar hatsi, kashi ɗaya cikin goma in noman ruwan sama ne kuma ya kai nisabi, fakirai da miskinai su ne a sahun gaba, har yawancin malamansu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci da ita. Ba ina cewa kowane manomi Musulmi yana cikawa ba, su ma malamansu kullum faɗa suke a kan haka. Amma sun raba kuɗin gini da haƙƙin matalauci, kowanne da sunansa. Mu ma Littafinmu ya raba, mu ne muka haɗe.

Sannan a dubi su wa ke zaune a bencin nan da ake yanka wa haraji. Akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, waɗanda masaƙar KTL ta rufe a kansu a 2002, ta UNTL ta biyo baya a 2007, da yawa ba su sake samun aikin albashi ba. Akwai ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, a daidai lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, shekara guda bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni tausayi ranar kaka, manoman da aka raba da gonakinsu. Daga ƙauyukan Kajuru, Chikun, Kauru, Zangon Kataf, Kachia da Birnin Gwari mutane sun gudo, wasu bayan an ƙone rumbu, wasu bayan an sayar da gona da shanun huɗa an biya kuɗin fansa. Suna gefen gari suna haya ɗaki ɗaya, ko suna raɓe wurin 'yan'uwa, mai dami ɗari a da ya koma tura baro ko gadi. Wasu wuraren an ɗan samu sauƙi, an koma gona, amma ba kowa ba. Waɗanda suka tsira da gonarsu ma ba su tsira duka ba. Cutar da ta afka wa citta a 2023 ta kwantar da manoman Kachia da Jaba da Kagarko, mutanen da citta ce kuɗin makarantar 'ya'yansu da kuɗin aurensu. Da farashin hatsi ya karye a 2025, mai albashi ya ɗan numfasa, manomin masara kuwa ya rasa yadda zai mayar da kuɗin taki.

To irin wannan mutum ne zai zauna ya kalli ma'aikacin banki ya sayo doya a kasuwar Monday ta Kakuri ranar Asabar ya kawo ta gaban bagade a matsayin amfanin gonarsa. Ba laifi, albashi ma girbi ne, kuma wanda ba shi da gona dole ya kawo abin da hannunsa ya samu. Amma manomi na ainihi, wanda bikin nan nasa ne tun asali, an miƙa masa ambulan da adadi a rubuce, kuma wa'azin ranar sau da yawa a kansa yake sauka: wanda ya shuka kaɗan zai girbe kaɗan, ba ka samu ba ne don ba ka bayar ba. Faɗa wa mutumin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa cewa rowarsa ce ta hana shi girbi, zalunci ne, ko da a kan mumbari aka faɗe shi.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. A kira kowane abu da sunansa. In rufin coci ake son canzawa, a sa ranar asusun gini, a kawo ciyaman da mai ƙaddamarwa, a faɗi adadin da ake nema ƙarara, a nuna takardar injiniya. Mutanenmu ba marowata ba ne, coci-cocin da suka tashi a kudancin garin nan cikin shekara ashirin da guminsu aka gina su. Ita kuma godiyar kaka a sake ta. Babu adadi a ambulan, babu allo a bakin ƙofa, babu karanta sunaye. In ikilisiya ta ga ba za ta iya rabuwa da kuɗin kaka gaba ɗaya ba, kuma na san da yawa ba za su iya ba a shekarar farko, to majalisar ikilisiya ta yanke kaso tun kafin a fara, ta sanar a gaban jama'a: kashi kaza na duk abin da ya shigo, kuɗi da kaya, na gwauraye ne da marayu da 'yan gudun hijira. Da zarar an faɗa an ɗaure kai, domin sashe na 1267 na dokar Ikilisiya ya ce abin da masu bi suka bayar don wata manufa, a kan wannan manufar kaɗai za a kashe shi. Sashe na 537 ya wajabta wa kowace ikilisiya majalisar kuɗi, na 1287 kuma ya ce masu riƙon dukiya su ba jama'a bayanin abin da suka bayar. A wurare da yawa abin da muke ji shi ne jimillar da aka tara, a tafa, shi ke nan. Inda ta tafi kuwa sai dai ka ga an tayar da bulo. Wanda ya tambaya a ce yana yaƙi da Fada. Tambayar lissafi ba rashin ladabi ba ce, kuma limamin da yake karanta wa jama'arsa shiga da fita ya fi kowa samun barci, ya fi kowa samun masu bayarwa.

Gwanjo kuwa a bar shi, yana da daɗi, yara suna so, kuma hanya ce da mai hali zai saki kuɗi yana dariya. A dai rage kirarin. A kuma daina mayar da rumfar gaba dandalin 'yan siyasa, musamman in zaɓe ya ƙarato, mutum ya zo a makare da 'yan rakiya, ya karɓi makirufo ya yi alkawarin miliyan kaza, ya tafi kafin a rufe da addu'a. A tambayi kowane ma'aji yawan irin waɗannan alkawura da suke kwance a littafinsa shekara da shekaru. Abinci kuma a dafa na kowa, ko da shinkafa da wake ne da mai da yaji. Ikilisiyar da ta iya hayar rumfa goma da makaɗa ba za ta ce tukunya biyu sun fi ƙarfinta ba. Tun 2017 Paparoma Francis ya sa Ranar Matalauta ta Duniya a Lahadi ta 33 ta zamanin shekara a kalandar Ikilisiya, wadda take faɗowa tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da muke tsakiyar kaka. Sau da yawa sanarwar kwamiti ce take cinye ta.

Akwai kuma wani abu da duk manomi ya sani amma kwamitocinmu na birni suke mantawa. Kaka ita ce lokacin da hatsi ya fi araha, kuma lokacin da yunwa ta fi sauƙi. Wuyar tana zuwa ne daga Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, kuɗi sun tafi taki, zazzaɓi ya kwantar da yara. Don haka kason mabukata bai kamata a rabar da shi duka ranar biki don a ɗauki hoto ba. Abin da zai lalace, doya da ayaba da kabewa da kaji, a raba a makon. Kuɗin kuma a je Saminaka ko wata kasuwar ƙauye a sayi masara da dawa da wake tun suna ƙasa, in da hali ma a saya kai tsaye daga hannun manoman ƙananan coci-cocinmu na ƙauye a kan farashin da ba zai karya su ba. A zuba a buhunan PICS, masu leda biyu a ciki, waɗanda suke hana ƙwari ba tare da an sa magani ba, a ɗora a kan katako a ɗaki mai iska, a jira damina. Ikilisiyar Barnawa ko Narayi za ta iya ɗaukar ikilisiya ɗaya ta Kajuru ko Kauru ta ce rabon bana naku ne. In an zo rabo kuma kada a duba katin baftisma. Maƙwabciya Musulma da mijinta ya rasu, ko ɗan wata ɗarika, duk suna cikin baƙon da aka ce a bar wa gefen gona.

Inda irin wannan shiri yake mutuwa shi ne wurin makulli da wurin rubuta sunaye. In mutum ɗaya ya riƙe ɗakin ajiya, kafin Ista za a fara jin ɓera ya ci buhu bakwai. In ciyaman ne ya rubuta sunaye, dangin matarsa duk za su zama gwauraye. Makulli ya zama uku, ɗaya wurin Zumuntar Mata, ɗaya wurin ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda taimakon mabukata shi ne aikinta tun kafa ta a Faris a 1833, ɗaya wurin katikis, kuma ba a buɗewa sai su ukun suna tsaye. Sunaye kuwa matan zumunta su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, don su ne suke shiga har ɗaki. Su kai da yamma, a mudu ko a ƙaramin buhu, ba kyamara, ba sanarwa. Adadin buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita ne kawai za a karanta a coci. Kuma duk wanda yake son ikilisiyarsu ta gwada wannan, kada ya bari sai an naɗa kwamiti an buga ambulan. Wurin tayar da maganar shi ne zaman majalisar ikilisiya na farkon shekara, lokacin da ake tsara kasafi, tun ba a riga an rubuta kuɗin kakar bana a gaban siminti da rodi ba.